Wandon Darakta da Keken Mama

Ranar da likita ya ce wa Mama ta haƙura da zura zare a allura in tana son sauran ganinta, ranar Yayana ya gano cewa shi tela ne tun daga haihuwa.

Yaya mutum ne da bai taɓa ganin sana'a ya ce ba zai iya ba. Ya yi kiwon kaji, kajin suka riga shi gajiya. Ya buɗe wurin gyaran waya, har yau akwai masu gaishe shi da harara. Tun lokacin 'yan layinmu suka laƙaba masa Darakta, shi kuma yana amsawa da gaske, har da ɗaga hannu.

Ni ce auta a gidan. Tun ina yarinya nake zama a gefen keken ɗinkin Mama, kuma ko da ban zama gwana ba, ina fitar da rigar yaro a sa ta ba kunya. Aikin mijina ya tsaya, ga yara, ga hidima. Duk raina yana kan keken nan: in kai shi ɗakina, in riƙa ɗinkin yara, mu rufa wa kanmu asiri. Da wannan maganar na je gida, sai na tarar Yaya ya riga ni. Yana tsaye a kan keken yana shafa shi, Mama tana zaune a kujerarta ta bakin taga.

"Auta, kin zo a daidai," in ji shi. "Kamfani zan buɗe. Makarantar yaranmu tana neman mai ɗinka yunifom, a taron iyaye mai zuwa za a zaɓa. Ni zan karɓi aikin. Daga nan sai asibitoci, sai masu gadi, sai ƙasashen waje. Ke ma zan ɗauke ki, ki riƙa sa maɓalli."

"Yaya, ka taɓa ɗinka ko da tsumman goge tebur?"

"A cikin matar nan na kwanta tana taka keke. Abin da kika koya da ido, ni da jini na sha shi."

Na juya wurin Mama na faɗi buƙatata ba ɓoye-ɓoye. Ta saurare mu duka biyu, sannan ta ce, "To, ga yadda za a yi. Kai babba, ka ɗinka wando da hannunka, ba wanda zai taɓa maka. Ka sa shi ka je taron, ka dawo gidan nan a cikinsa. In ka yi haka, keke naka ne. In ba haka ba, Auta ta ɗauka."

"Wando kawai?" Yaya ya yi dariya. "Mama, da kin ce kwat."

Wando ba abin wasa ba ne, amma Yaya yana da wata irin sa'a ta marasa kunya, kuma ni ban da wani keken.

Washegari ya dawo da yadin auduga ruwan toka, mai kyau, wanda ko ni sai na yi alwala kafin in sa masa almakashi. Mama ta shafa shi ta ce, "Ka jiƙa shi tukuna, ya bushe, ka goge. Auduga takan tsuke in ta sha ruwan farko. Kuma ka fara gwada hannunka a tsumma."

"Tsumma na 'yan koyo ne. Sabon yadi kuma a wanke shi? Me ya yi?"

Ya leƙa ta taga ya kira mai askin da shagonsa ke kallon ƙofarmu, ya zo ya riƙe masa tef ɗin awo. Mai aski mutum ne da ba ya wuce abin kallo. Ya bar wani da rabin kai ya tsallako. Da tef ya iso ƙugu, sai Yaya ya ja numfashi ya haɗiye tumbinsa, idanu suka firfito.

"Darakta, saki cikin," in ji mai aski.

"Wane ciki? Wannan shi ne ainihin ƙuguna. Wanda ka saba gani iska ce."

"To iskar a ina za ta zauna ranar taro?"

"Rubuta abin da ka gani."

Sai yanka. Teburin falo ya yi masa kaɗan, in ji shi, don haka ya shimfiɗa yadin a kan gadon matarsa, ita kuwa ta tafi kasuwa. Ya zana ƙafafun wando da alli. Mama ta ɗaga murya daga falo, "Kar ka yanka a kan layin. Ka bar faɗin yatsa biyu a bayansa, nan ɗinki zai ci."

"Asarar yadi ke nan, Mama. Shi ya sa teloli ba sa arziki."

Ya sa almakashi daidai kan layi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin almakashin yana nishi. Na ce, "Yaya, kamar yana cin abin da ya fi yadin."

"Haka yadi mai tsada yake, da gardama. Ba ki saba ba ne."

Da ya ɗaga ƙafar wandon, sai ga wata ƙafar a ƙarƙashinta, mai jajayen furanni. Zanin gadon matarsa ne, wanda take shimfiɗawa in za a yi baƙi. Ya fita tsaf da siffar wando, har da lanƙwasar gaba. A daidai lokacin ta shigo da kayan cefane. Ta dubi gado, ta dubi mijinta, ta ajiye jakar a hankali.

"Baban yara, me nake gani?"

"Aiki biyu a yanka ɗaya. Manyan kamfanoni haka suke yi."

"Zanina ne."

"Har yanzu naki ne, bai bar gidan ba. Aljihu zan yi da shi, kin ga kin shiga kamfani da hannun jari."

Ta ɗauki jakar cefanen. Ta shiga kicin, muka ji tukwane suna amsa laifin da ba nasu ba.

Da aka zo kan keke, ya zura zare yadda ransa ya ba shi, ya tsallake rabin hanyoyin da zaren ke bi. Ya taka sau ɗaya, ƙarƙashin yadin ya cika da dunƙulen zare. Ya ce keken ya tsufa, ƙishi yake ji. Kafin in buɗe baki ya ɗauko man girki daga kicin ya tsiyaya a duk ramin da ya gani. Keken ya yi amai a kan yadin, daidai inda mutum ke zama.

Bayan nan zaren sama ya riƙa tsinkewa. Maimakon ya sake zura shi daidai, sai ya kama ɗan maɗaurin da ke riƙe ƙarfin zaren ya yi ta murɗawa har ya saki gaba ɗaya. Zare ya daina tsinkewa, Yaya ya dube mu da murmushin nasara.

Mama ba ta gani sosai, amma kunnenta ya san keken nan fiye da yadda ya san muryoyinmu. Ta ce, "Wa ya taɓa maɗaurin zare? Wannan sautin ba na ɗinki ba ne."

"'Yanci na ba shi, Mama. Kin takura masa shekara da shekaru."

"In zaren sama ya saki, ba ya kama na ƙasa. Ko yaro ya ja na ƙasan zai zare sumul."

"To wa zai ja? Wando ake sawa, ba ja ake yi ba."

Ɗinkin farko ya haɗa ƙafafun ta inda bai kamata ba. Ya ɗaga abin sama, sai ga siket dogo har ƙasa. Mai aski, wanda yanzu ya mai da tagarmu wurin zamansa, ya ce, "Allah sarki, ashe na madam ka fara, don a yi sulhu."

"Gwaji ne. Ina auna ƙarfin keken."

Ya zauna farkewa, yana tsaki. A karo na biyu ƙafafu suka fito biyu, muka yi masa barka. Wayarsa ta yi ƙara a ɗaki, ya miƙe da sauri, wando ya bi shi, keke ya karkata, na tare shi da ƙirjina. Ashe ya ɗinke gefen rigar da ke jikinsa a cikin wandon, tun daga gwiwa har ƙugu. Sai da matarsa ta zo da almakashi ta raba su, kuma na lura a rigar ta yanka, da faɗi, tana murmushi karon farko tun ranar zanin gado.

Ganin taro ya matso, Yaya ya gano ɗan ƙarfen da ke tsawaita ɗinki. Ya kai shi ƙarshe, allura ta riƙa tsalle, kowane taku sai yatsa ya shige. A ƙarshen kowane layi kuma sai ya ja yadin ya yanke zare da tsawo, ya bar shi yana lilo.

Duk da keken nake so, raina bai iya ba. Na ce, "Yaya, in ka kai ƙarshe ka koma baya kaɗan ka sake bi, shi ne ɗaurin ɗinki. Kuma ka yanke jelar nan."

"Ni ba na komawa baya a rayuwata. Jelar kuwa alamar kamfani ce, a san aikin hannu ne."

"Mama, ki yi masa magana."

"Na yi," in ji Mama. "Ku bar ni in huta."

Ana gobe taro wando ya kammala, in dai abin da ke da ƙafa biyu da zif wando ne. Saura tabon mai a baya. Yaya ya miƙa wa matarsa ya ce ta wanke da ruwan zafi, tabon ya fita. Ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce shi ba ya magana biyu. Ta wanke shi da zuciya ɗaya, ta shanya a inda rana ta fi ƙarfi.

Da safe na biya gida don mu tafi tare. Tun daga ƙofa nake jin nishi. Yaya yana kwance a kan gado, matarsa tana jan ƙugun wando ta dama, mai aski ta hagu.

"Darakta, iskar nan ta dawo," in ji mai aski.

"Ja kawai."

Da ƙyar zif ya hau. Suka ɗaga shi tsaye. Wandon ya tsuke ya tsaya a tsakiyar ƙwauri, safa duk a waje, cinyoyi kamar an ɗura su. Ya ce sabon yayi ne, bai iso nan ba tukuna. Ya zo gaban Mama ya ce ta shafa ta ji aiki. Ta shafa gefen ƙafar, yatsanta ya shige tsakanin ɗinki, ta zare shi a hankali.

"Allah ya dawo da kai lafiya," ta ce.

A ƙafa muka tafi, domin ya ce zama a mota yana ɓata guga. Gaskiyar ita ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Mutanen layi suka riƙa fitowa suna gaishe shi, wasu ma da ba su da ɗa a makarantar suka biyo mu. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wandon yana nan. Mun wuce shaguna, mun tsallaka titi, mun shiga harabar makaranta, bai ce uffan ba. Na fara jin keken yana fita daga hannuna.

Zauren taro ya cika. Shugabar makaranta tana zaune a gaba, a bayan tebur mai farin ƙyalle, ga makirufo. Yaya ya ƙi zama, ya jingina da ƙarshen bencin baya inda nake, wai shugabanni a tsaye suke sauraro. Aka yi maganar karatu, aka yi ta tsafta, sannan shugaba ta ce duk mai son aikin yunifom ya fito ya gabatar da kansa.

Yaya ya gyara wuyan riga. A nan idona ya sauka ƙasa. Jelar zaren ƙafarsa ta dama ta naɗe a kan wata ƙusa da ta leƙo daga ƙafar benci.

Na riƙo hannunsa. "Yaya, tsaya. Zarenka ya..."

"Auta, yau ba ranar hassada ba ce."

"Wallahi ƙusa ce ta..."

"In na karɓi aikin, maɓalli yana nan yana jiranki."

Ya fizge hannunsa ya taka. Zaren ƙasa ya biyo ƙusa, sumul, ba ko ƙara, ya zube a gaban takalmina. Yaya ya ci gaba da tafiya ta tsakiyar zaure, kowane taku gefen wandon yana buɗewa kaɗan, daga ƙwauri zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa cinya. Kafin ya kai gaba, ƙafar dama ta zama labule biyu, ga aljihu mai jajayen furanni ya zazzago yana lilo. Matarsa da ke kusa da ni ta ce a hankali, "Ga hannun jarina can."

Ya karɓi makirufo ya yi sallama. Aka amsa da wata irin murya ta mutanen da ke danne dariya.

"Iyaye, wandon da kuke gani a jikina, da hannuna na ɗinka shi. Ba tela, ba mataimaki."

"Mun gani," in ji wani daga baya.

"Abu na farko, shan iska. Yanzu haka da nake tsaye, ina jin iska tana ratsa ni har cinya. Wane yadi ne zai yi wa yaranku haka?"

Zaure ya fashe. Wata tsohuwa ta kifa kai a kan benci tana bubbuga shi. Yaya ya ɗauka yabo ne, ya ɗaga hannu a yi shiru.

Shugaba ta miƙe, tana kallon silin. "Malam, ko za ka ɗan zo ta bayan tebur?"

"Ranki ya daɗe, mai kaya ba ya ɓuya a bayan tebur. Abu na biyu, ƙarfi. Kun san yara da tsalle-tsalle. Ku duba nan."

Na rufe ido da hannu, amma na bar tsakanin yatsu. Yaya ya buɗe ƙafa ya tsuguna da ƙarfinsa, makirufo a hannunsa, kuma hannun ya sauka kusa da inda abin ya faru. Ƙarar ta fita ta lasifika, doguwa, ta zagaye zauren, har mai gadi ya leƙo daga waje. Ɗinkin baya ya rabu tun daga ƙugu har ƙasa.

A nan ne Yaya ya duba ƙasa. Ya ga cinyarsa, ya ga furanni, ya ga gajeren wandonsa na ciki yana gaisawa da jama'a. Ya miƙe zumbur, maɓallin ƙugu ya harba ya daki kofin ruwan shugaba.

Mai aski ya ruga don taimako. "Tsaya, Darakta, bari in ɗaure maka wannan kafin shi ma ya tafi." Ya kama jelar ƙafar hagu ya ja don ya ƙulla. Zaren ya biyo hannunsa gaba ɗaya. Ya tsaya yana kallon zaren, yana kallon Yaya.

"Ashe haka yake da sauƙi," ya ce.

Abin da ya rage a jikin Yaya shi ne ƙugu da zif, da yankuna huɗu suna reto. Shugaba ta janye farin ƙyallen teburinta, ta miƙa masa tana kallon bango. Ya ɗaura. Ya sake kai makirufo baki, wallahi, ya ce, "Wannan samfuri ne kawai," kafin wani mai imani ya kashe lasifikar.

Na yi dariya har hawaye, ba zan ɓoye ba. Amma da na ga yana fita shi kaɗai cikin ƙyallen tebur, kunnuwansa sun yi ja, sai tausayinsa ya kama ni. Yayana ne. Na bi shi na tsaya ta gefen da ƙyallen bai rufe ba, muka taho gida, rabin zauren yana biye da mu.

Mama tana kujerarta. Matar Yaya ta mayar da ƙofa, ta ba ta labari tun daga ƙusa har kofin ruwa, ba ta rage komai ba. Na matsa kusa da keken.

Sai Yaya ya yi gyaran murya. "Mama, me kika ce a sharaɗinki?"

"Ka je a cikinsa, ka dawo a cikinsa."

Ya kwance ƙyallen tebur ya yar. Ya kama hannun Mama ya ɗora a ƙugunsa. "Shafa ki ji. Wannan mene ne?"

"Ƙugun wando."

"Ni ina ina?"

"Kana ciki."

"To na dawo a cikinsa. Ba ki ce da ƙafafu ba."

Na ce, "Mama, wannan ai zalunci ne." Mama ta ɗaga mini hannu. Ta daɗe tana shafa yankunan da ke reto, ɗaya bayan ɗaya.

"Gaskiyarka," ta ce. "Ban ce da ƙafafu ba. In wando ne, wando ne. Maganin idona ya ƙare. Jeka kantin magani na bakin titi a haka ka karɓo mini. Kana dawowa, ka ɗauki keke."

Yaya ya dubi ƙofa. Ya dubi keke. Ya ja ƙugun sama, ya ɗaga haɓa, ya taka har bakin ƙofa, yankuna suna kaɗawa. Na san halinsa, zai iya. Na riƙe gefen keken da hannu biyu.

Ya buɗe ƙofar kaɗan ya leƙa. Layin ya cika maƙil. Mai aski ya fito da bencin shagonsa ya jera wa dattawa, matasa sun ɗaga wayoyi, mai kanti ya rufe kantinsa ya zo. Wani ya hango shi ya ce, "Ga Darakta nan, a ba shi hanya."

Yaya ya mayar da ƙofar a hankali, ya sa sakata. Ya tsaya yana kallon katakon.

"Auta, ɗauki keken."

"Ban ji ba," in ji Mama. "Kunnen ma ya fara tsufa."

"Na ce ta ɗauka. Dama ya yi mini kaɗan. Ni na lantarki nake nema."

Mama ta lalubo hannuna ta ɗora shi a kan keken, ta danne da nata. Hannun nata ya yi laushi, ba kamar yadda na san shi ba. Daɗi da kewa suka taru mini, na ɗora ɗayan hannuna a kan nata.

Ta jawo ni kusa da bakinta, amma da muryar da kowa zai ji ta yi maganar.

"Ki nemo masu ɗauka yanzu-yanzu, Auta, kafin ya ce zai gwada riga."